Baffa Mai Rawani, Baffa Mai Dangwali

Talata Mafara,
13 ga Satumba

Zuwa ga Adda Gimbiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara duka. Yaya Sakkwato, yaya ruwa, yaya ƙafar nan taki mai kumburi? Matata Farida tana gaishe ki da kyau. Tun da aka yanke layin waya a jihar nan ban ƙara jin muryarki ba, shi ya sa na koma ga biro da takarda kamar ɗan makaranta. Bawa direba zai miƙa miki ita hannu da hannu.

Adda, ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Baffa ya fita daga gidan Yaya Tukur ranar Alhamis da hantsi, yau kwana huɗu ke nan, bai dawo ba. Matar Yaya ta kai masa koko ta tarar da tabarmarsa a naɗe, butarsa na nan, carbinsa na nan. Abu ɗaya ne babu a ɗakin: dangwalin nan nasa, igiyar ɗaure maruƙa da ya hana a jefar tun da muka taso da shi daga Damaga.

Ke ma kin san tun shekarar da aka kore shanunsa, Inna kuma ta rasu, kansa bai koma daidai ba. Amma bai taɓa wuce masallacin unguwa ba. Mun je asibiti, mun je wurin 'yan sanda, mun bi bakin magudanan ruwan Bakolori muna leƙawa gabanmu na faɗuwa. Kasuwar Talata a rufe take balle a yi cigiya cikin taro, waya kuma babu balle a tura hoto. To ma wane hoto? Mutumin da in ya ga an ɗaga waya sai ya juya baya ya ce shi ba amarya ba ne.

Sai Yaya Tukur ya tuna da wanda na zana masa lokacin da ya gina falonsa, shekara biyar da suka wuce. Kin tuna shi ai, ke ce kika ce na mai da Baffa ango. Ga shi zaune cikin farar babbar riga mai aska takwas, da rawani, gemu fari tas a gyare, bayansa koren daji da jajayen shanu masu ƙiba, rana tana faɗuwa sama ta yi ja. Wallahi ban taɓa yin aikin da aka yaba kamarsa ba. Daga shi ne direbobin tirela suka fara layi a shagona in zana musu zaki da ɗawisu a bayan mota. Mun sauko da shi daga bango, an ɗauke shi hoto, an buga mana kwafi hamsin. Mun manna a tasha, da ƙofar asibiti, da masallatan Juma'a, Bawa kuma ya kai wasu Bakura da Maradun. A ƙasa na rubuta cewa wanda ya gan shi ya zo shagon Rashidu mai zane kusa da tasha.

Kada ki ɗaga hankalinki ki ce za ki taso, hanya ba ta da kyau. Ina sa rai kafin Juma'a wani zai zo da labari. Ki taya mu da addu'a, ki sa yara ma su yi.

Ki gaida maigidan. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Abdulrashid

Talata Mafara,
21 ga Satumba

Zuwa ga Adda Gimbiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida, da fatan kun tashi lafiya. Na samu amsarki daga hannun Bawa, na kuma ga inda hawaye ya ɓata tawada. Ki yi haƙuri, Adda. Mu ma nan haƙurin muke yi.

Har yau shiru. Kwana goma sha biyu.

Ba wai mutane ba su duba hoton ba ne. Suna dubawa, har taruwa suke yi. Jiya na tsaya a tasha gefe guda ina sauraro ba su san ni ba ne. Wani ya tambayi na kusa da shi wannan hakimin wane gari ne. Ɗayan ya ce irin waɗannan manya ba sa ɓata, sai dai a ɗauke su, kuma da an ɗauke shi da rediyo ta faɗa. Wata tsohuwa ta ce tubarkalla, ta shafa takardar ta wuce. Mutum biyu sun zo shago da labari: ɗaya ya kai ni gidan wani limami da ke zaune lafiya cikin iyalinsa, ɗaya kuma ya zo ne yana tambaya ko zan zana masa mahaifinsa haka. Kai, na rasa dariya zan yi ko kuka.

A nan tashar ne abin ya faɗo mini a rai. Adda, Baffa bai taɓa naɗa rawani ba. Babbar riga ɗaya gare shi, shuɗiya, ita ma sai sallah. Mutumin da muke nema ya fita da koɗaɗɗiyar taguwa da takalmin roba, mu kuma mun aika gari ya nemo mana wani basarake da ba a taɓa haifa ba. Kuma ni na haife shi da burushina.

Na tuna Malam Falalu, wanda ya koya mana zane a kwaleji. Ya taɓa gaya mana cewa masu zane na ƙasashen Turai sun yi doguwar gardama a kan wannan. Wasu suna zana jarumai da hadari da duwatsu masu tsawo, abin da zai sa zuciya ta kumbura. Wasu daga baya suka ce a'a, a zana mai wanki da kaushin hannunta, a zana manomi da gumin hammatarsa, yadda ido ya gan su. A lokacin ni na fi kowa baki a aji. Na ce wahala muna ganinta kyauta kullum, wa zai rataye ta a falo? Malam ya yi murmushi ya ce in je, wata rana zan nemi abin da ido ya gani in rasa. Na ɗauka maganar malamai ce kawai.

To na koma shago na ɗauko farar takarda da fensir, na ce bari in zana Baffa na gaskiya. Tun azahar nake zaune har aka kira la'asar. Na yi kewayen kai, na yi hula. Daga nan hannuna ya tsaya. Hancinsa dogo ne ko gajere? Girarsa a haɗe take? Akwai tsaga a kumatunsa, na sani, amma guda nawa? Wallahi, Adda, ban sani ba. Shekarata talatin da huɗu, ban taɓa duban fuskar mahaifina sosai ba. Haka aka tarbiyyantar da mu. In za ka gaishe shi ka durƙusa, ido a ƙasa. In yana magana ka sunkuyar da kai. In kun haɗu a hanya ka ratse. Fuskar da na sa a wancan hoto ma, yanzu da na duba ta da kyau, ta wani dattijo ce da na gani a jikin kalanda, na ɗan rage mata kumatu.

Na tambayi Yaya Tukur ko shi zai iya kwatanta mini. Shi ma ya kasa. Shi da yake ɗan fari ai kunyar da ke tsakaninsu ta fi tawa, ko sunansa Baffa ba ya kira. Ke fa? In kin tuna wani abu, ko ƙanƙane ne, ki rubuto mini.

Abinci ba ya shiga. Farida tana ta fama da ni. Ki gaida kowa da kowa.

Naki,
Abdulrashid

Talata Mafara,
29 ga Satumba

Zuwa ga Adda Gimbiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kina lafiya, da maigidan, da yara, da maƙwabtan arziki. Yaya ƙarin haƙuri? Takardarki ta iso. Kin ce abin da kika fi tunawa tarin da yake yi kafin ya shigo gida, don mata su kimtsa. Na yi dariya, Adda, karo na farko cikin kwanakin nan. Tari kuma ta yaya zan zana shi?

Amma maganarki ce ta buɗe mini kai. Na ce to, in ban san fuskarsa ba, me na sani? Na san ƙafafunsa. Kullum safiya su nake gaisarwa. Na san fason dugadugansa. Na san takalmin robarsa na dama da yake yanke wa gefe da wuƙa saboda ɗan yatsan da saniya ta taka ya karkace. Na san bayansa, don tun ina ƙarami a bayansa nake tafiya zuwa mashaya. Kafaɗar hagu ta fi ta dama sauka. Sanda a gicciye bisa wuya, hannaye biyu a rataye a kanta. Wando ƙafa ɗaya a naɗe, ɗaya a sake. Ƙeya mai layi uku, da hular da ta ci maiƙo a baki. Ga dangwali a kafaɗa yana lilo.

Haka na zana shi a jikin wani kwali, ta baya, yana tafiya a gefen titi. Ban sa shanu ba, ban sa faɗuwar rana ba. Na sa kwata da ledojin da iska ta tara, don a irin wurin nan za a gan shi. Da na gama na jingine kwalin a bango na ja da baya, sai na ji gwiwoyina suna neman durƙusawa da kansu. Farida ta shigo da abinci ta yi salati ta ja mayafi.

Na kai wa Yaya Tukur. Adda, ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce in rasa abin da zan manna wa duniya sai ubanmu cikin tsumma kamar mabaraci. Ya ce mutumin da ya mallaki shanu sama da ɗari, wanda ake zuwa gaishe shi tun daga Gidan Goga, ba za a nuna shi da yagaggen takalmi ba muddin yana raye. Ya ce mutane za su ce ga yadda 'ya'yansa suka riƙe shi. Ni ma bakina bai yi shiru ba, kin san halina. Na ce masa mutuncin da muka manna a tasha kusan mako biyu bai kawo mana ko mutum ɗaya ba. Na faɗi wasu maganganun da bai kamata ƙane ya faɗa wa wansa ba, na kuma ba shi haƙuri daga baya.

Kada ki ga laifinsa. Na daɗe ina tunani a kai. Shi ma ƙauna ce. Wancan hoton ba ƙarya muka yi da shi don mu cuci kowa ba, abin da zuciyarmu take ganin ya dace da Baffa ne muka ba shi, tunda duniya ta ƙwace nasa. Yana da wurinsa a bangon falo. Sai dai ba ya iya zuwa aike.

Yaya ya hana a kai wurin masu buga kwafi, ni kuma ban so in tsallake maganarsa a gaban mutane. Sai na bi ta gefe: na tattaro kwalayen taliya daga shaguna, na zauna ina zana shi da hannu ɗaya bayan ɗaya da baƙin fenti da ruwan ƙasa. Na yi goma sha takwas cikin kwana uku. Kowanne na yi sai in tuno wani abu da na manta a na baya, har facin da Inna ta yi masa a kafaɗar taguwa da zare mai wani launi.

Yanzu ga labarin. Na farko na kafa shi a tasha, ban ma gama buga ƙusa ba mai gyaran takalman da ke zaune a wurin ya miƙe tsaye. Ya ce ai wannan tsohon ya zauna a bencinsa ranar wata Alhamis, ya ba shi ruwa, har ya ce ya kawo takalmin ya ɗinke masa kyauta, tsohon ya ce a bar shi haka yatsan yana shan iska. Ya ce ya ga ya miƙe ya bi hanyar Bakura a ƙasa. Adda, hoton mai rawani yana manne a saman kan mutumin nan tun ranar da muka manna shi. Kullum a ƙarƙashinsa yake aiki.

Na ba Bawa goma ya kai Bakura da ƙauyukan gefenta. Gobe ni ma zan bi. Da safe kuma na ga Yaya ya aiko a karɓar masa kwali ɗaya.

Ki dage da addu'a. Ina gaida maigidan.

Ƙanenki,
Abdulrashid

Talata Mafara,
8 ga Oktoba

Zuwa ga Adda Gimbiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki da gaisuwar farin ciki, ina fata kuna lafiya. Ba zan ja miki rai ba: an ga Baffa, yana da rai, yana da lafiya, yanzu haka yana kwance a ɗakinsa yana barcin rana. Alhamdu lillahi. Ki yi kukanki ki gama, sannan ki karanta sauran.

Wata mai fura ce a Bakura, sunanta Nagode. Kullum daga Dakko take zuwa da ƙwaryarta. Ta ga kwalin a jikin rumfar tasha ta ce wannan ai Tsohon Shanu ne na gidan Balarabe. Aka ce mata fuska ma babu a zanen, ta yaya ta sani? Ta ce ita ma ba ta taɓa kallon fuskarsa ba, dattijo ne, amma kowace safiya tana bin bayansa zuwa rijiya.

Ranar Talata muka tafi ni da Yaya Tukur, Bawa ya kai mu. Balarabe manomi ne, mutumin kirki, yana da shanun huɗa guda biyu. Ya ce wata ranar Juma'a yana dawowa da su daga gona sai ya ga wani tsoho yana biye da su yana yi musu magana da Fillanci. Ya bi su har gida, ya duba kofatonsu, ya yi wa Balarabe faɗa a kan kaskar da ya bari a kunnen ɗaya. Sun tambaye shi garinsu da sunan 'ya'yansa bai iya faɗa ba. Sai suka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Balarabe ya ce shi ma ya ga hoton mai rawani a Bakura, har ya yi addu'a Allah Ya bayyana wannan babban mutum, ya dawo gida ya ci tuwo da shi a kwano ɗaya.

Mun same shi a bayan gida ƙarƙashin wata bishiyar bedi, ana ta yankan gero a gonakin gefe. Yana tsaye ya ba mu baya yana sosa wa bijimi wuya. Yaya Tukur ya tsaya cak. Ya dubi kwalin da ke hannunsa, ya dubi Baffa, sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa. Ban taɓa jin kukan Yaya ba sai ranar.

Ni na ƙarasa na durƙusa na gaishe shi, ido a ƙasa yadda aka saba. Ya amsa da fara'a, irin amsar da ake yi wa baƙo. Ya ce in tashi in zauna a kan turmi, bawan Allah ba ya durƙusa wa makiyayi. Adda, bai gane ni ba. Bai gane Yaya ba. Likitan da ya duba shi jiya ya ce mu sa a ranmu wataƙila haka za a ci gaba.

Na zauna a kan turmin. Tunda a wurinsa ni baƙo ne, sai ya dube ni ido cikin ido yana ba ni labarin bijimin, ni ma na ɗaga kai na dube shi. Ba zan ɓoye miki ba, na ji kamar ina sata. Amma ban sauke ido ba. Na zaro fensir daga aljihu, na juya bayan kwalin da na zo da shi, na fara. Bai hana ni ba, har ya gyara zama.

Can ya tambaye ni ɗan wane ne ni. Na ce ɗan Hayatu na Damaga. Ya ce a'a, ai ya san Hayatu, mutum ne mai shanu. Ya leƙo abin da nake yi ya ce Hayatu ma yana da wani yaro mai irin wannan hannu, wanda ke zana shanu a ƙasa da tsinke, har kowace saniya a gane ta. Ya ce Hayatu yakan hana a share wurin, in yaron ya tafi ya zo ya tsaya yana kallo, sai dai bai taɓa gaya masa ba don kada kansa ya yi girma. Ya ce in na haɗu da yaron kada in faɗa masa. Na ce to, ba zan faɗa ba.

Da ƙyar ya yarda ya bar shanun. Sai da Yaya ya yi masa alkawarin ɗan maraƙi, kuma jiya aka kawo shi aka ɗaure a tsakar gida.

Ga zanen na saka miki cikin wannan takarda, na yanko shi daga jikin kwalin, shi ya sa za ki ga guntun wancan zanen a bayansa. Ban ƙara komai ba, ban rage ba. Tsagar guda uku ce a kowane kunci. Haƙoransa na gaba biyu sun fita, ban san yaushe ba. Akwai tabo a ƙasan leɓensa wanda babu wanda ya san tarihinsa, kuma yanzu babu wanda za a tambaya. Ki duba idanun da kyau, Adda, sannan ki ɗauki madubi. Shekara arba'in kina yawo da idanun Baffa a fuskarki, babu ɗayanmu da ya sani.

In hanya ta yi kyau ki zo. Ba zai gane ki ba, amma zai ba ki wurin zama, kuma zai bari ki dube shi.

Ki gaida maigidan da yara. Farida da Yaya Tukur da iyalinsa suna gaishe ki. Allah Ya bar zumunci, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Abdulrashid